FASHIN BAƘI: Docker ko Jenkins? Darasi daga tangarɗar IReV da katse layin waya a Sabon Birni

Ranar Asabar 25 ga Fabrairu, 2023, jami'an zaɓe a faɗin Najeriya suka ɗauki hoton takardun sakamako da na'urar BVAS domin turawa shafin IReV. Sakamakon 'yan majalisar dattawa da na wakilai ya riƙa shiga, amma na shugaban ƙasa ya cije. A rahoton da Hukumar Zaɓe, INEC, ta fitar cikin Fabrairun 2024, ta ce takarda ta farko ba ta shiga ba sai ƙarfe 8:55 na dare.

Bayanin hukumar shi ne, an tsara manhajar ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jihar da zaɓen ya shafa. Kujerar shugaban ƙasa kuwa ba ta wata jiha ba ce, don haka manhajar ta rasa inda za ta ajiye takardun. A Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan gazawa ba ta ɓata zaɓen ba, amma amanar da ta zube a zukatan matasa ba a kwashe ta ba har yau.

Ga mutumin Gatawa a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, ko maƙwabcinsa na Isa, maganar ta fi nauyi. Inda 'yan bindiga suka mayar da hanya abin tsoro, ba kowane ɗan jarida ko ɗan sa-ido ne zai bi takardar sakamako daga rumfa zuwa cibiyar tattarawa ba. Hoton da ya hau intanet shi ne shaida mafi sauƙin samu. Wannan ne ya sa wata muhawara ta masu ƙera manhaja ta shafi talaka: wane kayan aiki ne ke hana irin wannan faɗuwa, kwantena irin ta Docker ko uwar garke mai sarrafa aiki irin Jenkins?

Mece ce kwantena?

Sunan aro ne daga kwantenar da ake saukewa a tashar Apapa. A 1956 wani Ba'amurke mai suna Malcom McLean ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa, daga nan sufuri ya sauya kama, domin akwati mai girma ɗaya yana hawa jirgi da tirela ba tare da an kwance kayan ciki ba.

Haka Docker, wadda Solomon Hykes ya gabatar a 2013, ke yi wa manhaja. Kowace manhaja tana dogara da wasu ƙananan manhajoji da saituttuka. Idan kwamfutar da aka rubuta ta a kai ta bambanta da wadda za ta yi aiki a kai, sai a ga abin da ya yi lafiya a Abuja ya ƙi tashi a Sakkwato. Docker tana ƙunshe manhajar da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, a ɗauke shi a kai ko'ina, ya yi aiki iri ɗaya. Tambayar da take amsawa ita ce: a cikin wane yanayi manhajar za ta yi aiki?

Mece ce uwar garke mai sarrafa aiki?

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da sauran na'urori ke jingina da ita. Jenkins manhaja ce da ake ɗorawa a kanta ta zama kamar sarkin aiki. Wani injiniya ɗan Japan, Kohsuke Kawaguchi, ya ƙirƙire ta da sunan Hudson lokacin yana kamfanin Sun Microsystems, aka sauya mata suna a 2011 bayan saɓani da kamfanin Oracle.

Duk lokacin da injiniya ya sauya wani abu a rubutun manhaja, Jenkins za ta harhaɗa manhajar, ta bi jerin gwaje-gwajen da aka tanadar mata ɗaya bayan ɗaya. Idan guda ya faɗi, ta tsayar da aikin ta sanar. Idan duk suka wuce, ta aika sabon zubin inda ake amfani da shi, ta kuma bar tarihin wanda ya sauya me da kuma yaushe. Tata tambayar ita ce: wa ya duba aikin kafin ya isa ga jama'a?

Illar barin wannan ga hannun mutum ta bayyana a Amurka ranar 1 ga Agusta, 2012. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya saka sabon rubutu a uwayen garkensa bakwai, aka manta da ta takwas. Cikin minti 45 ya tafka asarar sama da dala miliyan 400.

Wanne ne maganin wace cuta?

Idan aka auna tangarɗar IReV da bayanin da INEC ta bayar, kwantena ba za ta yi maganinta ba. Kuskuren yana cikin tunanin da aka gina manhajar a kai, ita kuwa kwantena abin da aka zuba mata take kaiwa, gyara ko ɓarna. Irin wannan kuskure gwaji ne ke kama shi: a tura takardar gwaji ta zaɓen shugaban ƙasa, a ga ko za ta samu mazauni. Sai dai ita ma Jenkins ba boka ba ce. Gwajin da ba a rubuta ba, ba za ta yi shi ba.

Matsalar gabashin Sakkwato kuma daban ce. A Satumban 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, domin yaƙi da 'yan bindiga. Duk wata manhajar asibiti, makaranta ko rajistar 'yan gudun hijira da ba ta motsi sai da intanet, a irin wannan hali ta zama hoto. A nan kwantena ta fi amfani. Ana iya kwafe ta a filashi, a ɗora a ƙaramar kwamfuta mai aiki da sola, ta yi ta tattara bayanai har ranar da sabis ya dawo. Amma ƙunshin yakan kai ɗaruruwan megabait, kuma aikinsa a kan kwamfuta ne, manhajar da ke cikin wayar ma'aikaci tana buƙatar nata tsarin.

Jenkins kyauta ce, amma riƙonta ba kyauta ba ne. Tana son uwar garke da ba ta mutuwa dare da rana, da mutumin da zai riƙa sabunta ta yana toshe kafofin kutse. Matasa biyu ko uku da ke ƙera manhaja a Sakkwato ko Kano za su fi samun sauƙi su fara da Docker, su jingina gwaje-gwajensu da GitHub Actions ko GitLab, waɗanda ke yin aikin ba tare da an sayi na'ura ba. Hukumar da ke riƙe da bayanan miliyoyin mutane kuwa tana da dalilin riƙe tata uwar garken a hannunta.

A manyan ayyuka ba a raba su. Jenkins ce ke harhaɗa kwantenar, ta gwada ta, sannan a aika ainihin wadda aka gwada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya rage ga jama'a

Ba sai mutum ya iya rubuta manhaja zai bi kadin kuɗin da aka kashe a kanta ba. Kafin zaɓen 2027, akwai tambayoyin da ɗan majalisa, ɗan jarida ko ƙungiyar matasa za su iya yi wa kowace hukuma: Waɗanne gwaje-gwaje aka yi, kuma ina sakamakonsu? An gwada kowane irin zaɓe, da nauyin rumfuna sama da 176,000 a lokaci guda? Zubin da aka gwada shi ne aka yi aiki da shi ranar zaɓe? Wa ke da ikon taɓa manhajar a ranar, kuma ina aka rubuta abin da ya taɓa? Sannan idan babu sabis a Gatawa, ina takardar za ta jira, kuma wa zai tabbatar ba a sauya ta ba kafin ta hau?