Bugun zuciyar Baba ya tafi Yawunde ta waya, wa ya leƙa shi a hanya?

Ranar da ciwon ƙirji ya kama Baba muka kai shi wani ƙaramin asibiti a nan Tibati. Babu likitan zuciya a kusa, sai malamin asibitin ya manna masa wayoyi a ƙirji, na'urar ta zana bugun zuciyarsa, ya tura wa wani likita a Yawunde. Kafin la'asar amsa ta dawo, aka sauya masa magani. Wannan tafiya da a mota ce, da kwana guda ta ci.

Ba baƙon abu ba ne a Kamaru. Ɗan ƙasar nan ne, injiniya Arthur Zang, ya ƙera CardioPad don irin wannan aiki, har ya ci lambar Rolex a 2014. Amma da muka dawo gida Baba ya jefo mini tambaya: "Kai ɗan boko, wannan abu da ya bi iska, ba mai tare shi?"

To, ana iya tarewa. Maganin shi ne a kulle saƙon, ya zama shirme ga duk wanda ba shi da mabuɗi. Wayar hannu da kwamfuta suna da tsarin AES tun 2001, kuma ba ya yi musu nauyi. Matsalar tana ga 'yan ƙananan na'urori, kamar ma'aunin suga da ake mannawa a jiki ko na'urar da ake dasawa don daidaita bugun zuciya. Ƙwaƙwalwarsu kaɗan ce, batirin kuma ana so ya daɗe. Kulle mai nauyi yana shan batir, mu kuwa da muka san ɗaukewar wuta ba sai an yi mana bayanin darajar batir ba.

Shi ya sa hukumar NIST ta Amurka ta shirya gasar neman kulle mara nauyi. A Fabrairun 2023 ta zaɓi Ascon, wanda masana huɗu suka ƙirƙira, aikin da ya samo asali a jami'ar fasaha ta Graz da ke Ostiriya. Mabuɗinsa bit 128 ne, kuma abin da ya fi burge ni, ba ɓoye saƙo kaɗai yake yi ba, yana tona asiri idan wani ya taɓa shi a hanya. A ganina wannan ne ma ya fi muhimmanci. Sirrin mara lafiya ya fita abin kunya ne, amma a sauya lambar awon da likita zai rubuta magani a kai, wannan kam batun rai ne. A 2017 hukumar FDA ta Amurka ta sanar da gyaran manhajar na'urorin zuciya kusan 465,000 na kamfanin Abbott saboda kafar da masu kutse za su iya bi.

Da muka koma awo na tambayi malamin asibitin irin kullen da ke cikin na'urarsu. Ya yi dariya, ya ce shi dai an koya masa inda zai danna. Takardar da ta zo da ita ma da kwalin aka yar.