Ko Kun Sani? Yajin Aikin da Ya Kayar da Gwamnatin Soja Sau Biyu a Khartum

Ko kun san cewa a Sudan yajin aikin gama-gari ya taka babbar rawa wajen kifar da mulkin soja har sau biyu?

Ranar 21 ga Oktoba 1964 'yan sanda suka afka wa wani taron ɗalibai a Jami'ar Khartum, suka harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi. Kisan nan ya tada hankalin gari. Lauyoyi, likitoci, malamai da ƙungiyoyin ƙwadago suka ajiye aiki, ofisoshi da kasuwannin Khartum da Omdurman suka yi tsit, har shugaban ƙasa Janar Ibrahim Abbud ya rushe majalisar sojansa, ya sauka a watan Nuwamba.

A 1985 tsadar burodi da man fetur ta sake fito da jama'a titi. Aka shiga yajin aiki, ranar 6 ga Afrilu soja suka sauke Shugaba Ja'afar Numairi yana ziyara a Amurka. Saboda wannan rana ce masu zanga-zanga suka zaɓi 6 ga Afrilu 2019 don fara zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, kwana biyar bayan nan aka tumɓuke Shugaba Umar al-Bashir.

Tushen wannan ƙarfi na ƙwadago kuwa ma'aikatan jirgin ƙasa ne na Atbara, waɗanda suka yi yajin aiki a 1947 don Turawan Ingila masu mulkin ƙasar su amince da ƙungiyarsu. Daga cikinsu Shafi'u Ahmad al-Shaikh ya fito, jagoran tarayyar ƙwadago ta ƙasar, wanda gwamnatin Numairi ta rataye a Yuli 1971.