Kiɗan Fada Da Ban Dariya: Ɗan Kama Ba Abokin Gaban Makaɗi Ba Ne

Daga Wakilinmu

Mutane da yawa, musamman 'yan boko, suna zaton kiɗan fada da ban dariya ba sa zama inuwa ɗaya, wai na farko abin girmamawa ne, na biyu kuwa sana'ar marasa aikin yi. Amma duk wanda ya san tarihin kiɗa a ƙasar Zamfara ya san cewa tun fil azal tafiyarsu ɗaya, kuma kowanensu yana cin moriyar ɗan'uwansa.

Ƙasar Zamfara da kewayenta matattara ce ta manyan makaɗan fada. Daga nan aka sami Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Sa'idu Faru wanda ake kira Malamin Waƙa, da Musa Ɗankwairo wanda ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansu. Dukansu da kotso suka yi suna, kamar yadda Salihu Jankiɗi ya yi suna da taushi a fadar Sarkin Musulmi. A yammacin jihar ma akwai tsofaffin gidajen sarauta masu wannan al'ada, kamar gidan Sarkin Zamfaran Anka, inda a ƙarshe sarautar Zamfara ta zauna bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, da gidan Sarkin Mafaran Gummi.

Wannan kiɗa yana da ƙa'idoji masu tsauri. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai ƙara wa kirari gishiri. Kowace waƙa tana da gindinta wanda ake komawa gare shi bayan kowane ɗa. To, amma a cikin wannan tsari ne makaɗi yake saka zambo da habaici. Idan ya gama kambama ubangidansa, sai ya juya kan wani ɗan sarki mai neman gadon, ya siffanta tafiyarsa ko rowarsa ko naɗin rawaninsa, ba tare da ya kama suna ba, fada ta kaure da dariya. Watau dariyar makami ce, da ita ake rage wa abokin hamayya tsawo don na sarki ya ƙara fitowa.

A bakin kasuwa kuma akwai ɗan kama. Shi sana'arsa ita ce ya ɗauki waƙar da kowa ya sani, ya bar mata karinta da amshinta yadda suke, ya sauya kalmomin su koma zancen abinci. Inda makaɗi ya yabi jaruntakar sarki a fagen fama, ɗan kama sai ya yabi tasa jaruntakar a gaban akushi. Dawaki su zama malmalar tuwo, abokan gaba su zama masu sa masa hannu a ƙwarya. Har salon karatun malamai yakan kwaikwaya. Wani Bature mai suna C. G. B. Gidley ya yi rubutu a kan wannan sana'a ta 'yankamanci tun a 1967.

Abin lura shi ne, ba mai yin dariyar ɗan kama sai wanda ya san waƙar asali, domin daɗin abin yana cikin jin kari mai nauyi ɗauke da magana marar nauyi. Haka kuma ɗan kama ba ya iya juya waƙa sai ya haddace ta tsaf, ya san inda ake numfasawa da inda amshi yake faɗawa. Saboda haka shi ma ɗalibin makaɗi ne, kuma shi yake kai karin fada ƙauyukan da kotso bai taɓa zuwa ba.

Turawa ma suna da irin wannan. A 1787 Mozart ya tsara wani kiɗa da ya cika da kurakurai da gangan don ba da dariya. A zamanin baya-bayan nan kuma an yi Victor Borge, mutumin Denmak da ya koma Amurka, gwanin fiyano ne na gaske, amma sai ya fara kiɗan manya ya karkatar da shi, ko ya zame daga kan kujera. Wasan da ya buɗe a birnin Niyu Yok a 1953 sai da aka yi shi sau 849. Ya rasu a 2000. Ba domin gwanintarsa ba, da ba wanda zai biya kuɗi ya kalli ɓarnar tasa.

Yau fa ina aka kwana? Manyan makaɗan sun kwanta dama, matasa sun fi jin waƙoƙin situdiyo a wayoyinsu. Bugu da ƙari, matsalar 'yan bindiga ta takura zirga-zirga a ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci. Kasuwa kuwa ita ce gonar ɗan kama. Idan babu taro, babu mai jefa masa ko sisi, idan kuma yara ba su san waƙar asali ba, ko ya yi ba za su gane abin dariyar ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A nan tsagewar ta shafi ɓangarorin biyu.

Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa wajen tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, gidan Rediyon Kaduna kuma ya ɗauki muryoyin da yawa daga cikinsu. 'Yan kama ne ba su sami irin wannan gata ba. Ya kamata masarautun yammacin Zamfara da ma'aikatar da ke kula da al'adu su nemo waɗanda suka rage, a ba su fili a bikin salla bayan makaɗan fada sun gama. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu neman abin da za su rubuta kundi a kai, ga aiki nan yana jiransu: su ɗauki waƙar fada da juyin da ɗan kama ya yi mata, su adana su tare, tun masu abin suna da rai.