KOKAWAR TURAWA: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A cikin watan Yuli na shekarar 2025 abubuwa biyu suka auku a duniyar kokawar Turawa, kwana biyar tsakaninsu. Ran 24 ga watan Hulk Hogan, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a, ya mutu a jihar Florida ta Amurka yana da shekara 71. Ran 29 kuma kamfanin Netflix ya fara nuna wani shiri mai suna WWE: Unreal, inda babban kamfanin kokawa na duniya, wato WWE, ya shigar da masu ɗaukar hoto har cikin ɗakin da marubutansa ke zama suna tsara wanda zai yi kaye da wanda za a kayar. Asirin da aka yi shekara da shekaru ana ɓoyo, ga shi an baza shi a faifai ana sayarwa.

Wannan kokawa ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da na 1980 zai tuna yadda ake cika gidan mai telebijin a unguwa don a kalli su Mighty Igor da Mil Mascaras mai rufe fuska, zai kuma tuna Power Mike, wato Michael Okpala, ɗan ƙasar nan da ya yi tashe har ya ajiye kokawa a 1976. Tun a wancan zamani ake gardama a makarantu da ofisoshi: shin faɗan gaske ne, ko kuwa wasa ne? Amsa ita ce ana tsara sakamakon tun kafin a shiga fage. Amma fa faɗuwar da ake yi ta gaske ce, karayar ƙashi ta gaske ce, kuɗin da ake tarawa ma na gaske ne. Abin lura shi ne wanda ke shan faɗuwar dabam, wanda ke tara kuɗin dabam.

Yadda Ake Tsara Wasan

A kokawarmu ta gargajiya ba wanda ya san ƙarshe sai Allah, kuma da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A ta Turawa kuwa akwai mai tsara wasa a bayan labule. Shi ke raba 'yan kokawa kashi biyu, da na kirki wanda ake so 'yan kallo su yi wa tafi, da mugu wanda ake so su yi wa ihu. Shi ke faɗin minti nawa za a yi ana gwabzawa, da irin kamun da za a ƙare da shi. Abin da ya rage, 'yan kokawar ne ke shirya shi a tsakaninsu, wani lokaci ma suna raɗa wa juna abin da za a yi alhali suna riƙe da wuyan juna. Alƙalin wasa yana sanye da 'yar na'ura a kunne, ta nan ake aiko masa da umarni yana isarwa.

Sai dai dandalin da ake faɗawa a kai katako ne a bisa ƙarfe, da 'yar shimfiɗa marar kauri. Jinin da aka daɗe ana gani yana kwarara a goshi kuwa ba jan fenti ba ne, sau da yawa ɗan kokawar ne da kansa ke tsaga goshinsa da guntuwar reza da ya ɓoye a jikinsa.

A da, riƙe wannan asiri wajibi ne, har ba a so a ga abokan gaba tare a waje. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Mayu na 1987 'yan sandan jihar New Jersey suka tsayar da wata mota, sai ga Jim Duggan, mai shiga fage da tutar Amurka, tare da Iron Sheik, mutumin Iran wanda aikinsa a fage shi ne zagin Amurka. Ashe maƙiyan nan biyu mota guda suke shiga zuwa wurin aiki. A watan Fabrairu na 1989 kuma wakilan kamfanin suka shaida wa majalisar dattawan jihar cewa abin da suke yi nishaɗantar da jama'a ne, ba gasa ba. Dalilin wannan furuci kuwa kuɗi ne, domin idan ba gasa ba ce, to, hukumar wasanni ta jiha ba ta da ikon sa musu ido, ko ɗora musu ka'idoji da kuɗaɗen da take ɗora wa 'yan dambe.

Mai Gida Guda

Tun daga 1948 masu shirya kokawa a Amurka suka haɗu a ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna NWA, suka raba ƙasar yanki-yanki, kowa da inda yake cin kasuwarsa. Ɗan kokawan da ya ɓata da mai gida a wannan yanki sai ya ɗauki jakarsa ya koma wancan. A 1982 Vince McMahon ya sayi kamfanin ubansa, wanda ke riƙe da arewa maso gabashin ƙasar, ya yi fatali da wannan tsari. Ya sayi lokaci a gidajen telebijin na yankunan abokan hamayyarsa, ya janye taurarinsu da kuɗi. Ran 31 ga Maris, 1985, ya shirya bikin WrestleMania na farko a birnin New York, har Muhammad Ali ya zo a matsayin baƙon alƙalin wasa. Ɗaya bayan ɗaya ƙananan kamfanoni suka durƙushe. Wanda ya fi ba shi wuya shi ne WCW na attajirin nan Ted Turner, shi ma a watan Maris na 2001 McMahon ya saye shi. Daga nan ɗan kokawan da ke son babban albashi a Amurka ƙofa guda ta rage masa.

Ba abin da ya nuna ƙarfin mai gida kamar abin da ya faru a birnin Montreal na Kanada ran 9 ga Nuwamba, 1997. Bret Hart, ɗan Kanada, shi ke riƙe da kambun kamfanin. A 1996 ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 20, amma shekara guda bayan haka McMahon ya ce ba zai iya biya ba, saboda haka Hart ya shirya komawa WCW. Hart ya ƙi yarda Shawn Michaels ya karɓe kambun a gaban mutanen ƙasarsa, aka daidaita cewa wasan zai tashi ba tare da kambun ya sauya hannu ba. Ana tsakiyar gwabzawa, Michaels ya yi masa wani kamu na ƙafa, sai McMahon, wanda ke tsaye a bakin fage, ya ba da umarni a buga ƙararrawa, alhali Hart bai sallama ba. Hart ya tofa masa yawu a fuska a gaban jama'a, ya kuma naushe shi a ɗakin sauya tufafi. Duk da haka kambu ya tafi. Abin mamaki, McMahon ya mai da wannan abin kunya jari, ya shiga wasan da kansa a matsayin mugun mai gida, 'yan kallo kuwa suka yi ta tururuwa.

Ma'aikaci Ko Ɗan Kwangila?

Ma'aikacin gwamnati, wanda ya san darajar fansho da garatuti, shi ne zai fi saurin gane inda gizo ke saƙa. A takarda, ɗan kokawan WWE ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ɗan kwangila ne mai zaman kansa. Amma wannan ɗan kwangila ba shi da ikon yi wa wani kamfani aiki sai da izini. Kamfani ke faɗa masa inda zai je, da abin da zai faɗa, da ranar da za a kayar da shi, sau da yawa ma sunan da duniya ta san shi da shi mallakar kamfani ne. Idan ya ji rauni a fage kamfani na biyan kuɗin magani, amma inshorar lafiya ta yau da kullum daga aljihunsa take fita, fansho kuwa babu. 'Yan ƙwallon kwando da 'yan fim na Amurka duk suna da ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi. 'Yan kokawar kamfanin ba su da ko guda.

An taɓa gwadawa. A 1986 Jesse Ventura ya nemi ya haɗa kan abokan aikinsa su kafa ƙungiya, amma kafin a je ko'ina labari ya kai kunnen McMahon, maganar ta mutu. Shekaru bayan haka, a wata shari'a da ya yi da kamfanin kan haƙƙinsa na kaset-kaset, Ventura ya ce ya gano cewa Hulk Hogan ne ya kai rahoton. Shi dai Ventura ya bar kokawa, har aka zaɓe shi gwamnan jihar Minnesota a 1998, amma ƙungiyar da ya yi mafarki ba ta tabbata ba. Ran 15 ga Afrilu, 2020, ana tsakiyar annobar korona, kamfanin ya sallami mutum wajen 20 daga cikin masu fitowa a wasanninsa a rana guda. A wannan shekara kuma ya sami kuɗin shiga da bai taɓa samun irinsu ba.

Abin Da Jiki Ke Biya

Girman jikin taurarin shekarun 1980 ba duka ne daga abinci da motsa jiki ba. A 1991 kotu ta sami wani likita, George Zahorian, da laifin sayar wa 'yan kokawa magungunan kumbura tsoka. A 1994 gwamnatin tarayyar Amurka ta gurfanar da McMahon kansa, kotu ta wanke shi. Amma a wannan shari'a Hogan, wanda ya daɗe yana yi wa yara gargaɗi su yi addu'a su ci abinci mai gina jiki, ya amsa da bakinsa cewa ya yi shekaru yana amfani da magungunan.

Ran 23 ga Mayu, 1999, a birnin Kansas City, aka shirya a sauko da Owen Hart, ƙanen Bret, daga rufin zauren wasa da igiya don a ba 'yan kallo dariya. Maɗaurin ya kwance, ya faɗo daga tsayin ƙafa 78, ya mutu yana da shekara 34. Aka fitar da shi, aka ci gaba da wasa a kan dandalin da ya faɗo. A shekarar 2000 kamfanin ya amince ya biya iyalinsa dala miliyan 18. A watan Nuwamba na 2005 aka tarar da gawar Eddie Guerrero a ɗakin otal, zuciyarsa ta tsaya yana da shekara 38. A watan Yuni na 2007 kuma Chris Benoit ya kashe matarsa da ɗansa, sa'an nan ya kashe kansa. Likitocin da suka duba ƙwaƙwalwarsa sun tarar ta yi mummunar lalacewa irin wadda yawan bugun kai ke haifarwa.

Gaskiya ce an yi gyare-gyare. A 2006 kamfanin ya fito da tsarin gwajin miyagun ƙwayoyi, a 2010 ya hana kwaɗa wa mutum kujerar ƙarfe a ka, yana kuma biya wa tsofaffin 'yan kokawarsa kuɗin jiyyar shaye-shaye. Sai dai mai karatu zai lura cewa manyan gyare-gyaren sun biyo bayan jana'iza ne, kuma kamfani ne ya ga dama ya yi su, ba ma'aikata ne suka zauna da shi suka ƙulla ba. Abin da aka ba ka don ganin dama, ana iya karɓe shi don ganin dama.

Sabbin Masu Gida

A watan Yuli na 2022 McMahon ya sauka daga mulkin kamfanin bayan da aka bankaɗo wasu kuɗaɗe da ya biya mata don su yi shiru, tsara wasanni ya koma hannun surukinsa Paul Levesque, wanda aka fi sani da Triple H. A watan Janairu na 2023 ya dawo don ya sayar da kamfanin, a watan Satumba kuma aka haɗe WWE da kamfanin damben UFC a ƙarƙashin sabon kamfani mai suna TKO, bayan an yi wa WWE kuɗi dala biliyan 9.3. A watan Janairu na 2024 ya sake yin murabus, bayan wata tsohuwar ma'aikaciya ta kai shi ƙara bisa zargin cin zarafi, zargin da ya musanta. A cikin watan ne aka ba da sanarwar cewa Netflix zai biya fiye da dala biliyan 5 cikin shekara 10 don nuna shirin Raw, wanda ya koma can a watan Janairu na 2025. Tun 2018 kuma kamfanin ke kai manyan wasanninsa ƙasar Saudiyya.

Ɗan sauƙin da 'yan kokawa suka samu ya zo ne daga hamayya. A 2019 Tony Khan, ɗan wani attajiri, ya kafa kamfanin AEW, aka sake samun ƙofa ta biyu, mai gwaninta ya sami damar yin ciniki a kan albashinsa. Amma a WWE matsayin ɗan kwangila yana nan yadda McMahon ya bar shi.

Yanzu akwai 'yan Nijeriya a cikin wannan fage. Omos, dogon nan da ya haura ƙafa 7, haifaffen Legas ne, haka ma Oba Femi, wanda ya tafi Amurka karatu yana ɗan wasan jifan dalma, ya kuma ci kambun NXT a watan Janairu na 2025. Ɗalibin da ke kallonsu yana sha'awar bin sahunsu ya kamata ya san cewa kambun da suke ɗagawa wani ne ya rubuta za a ba su, kuma wani zai rubuta ranar da za a karɓe. Abin da ke nasu na kansu shi ne gwiwa da wuya da ƙashin baya, waɗannan kuwa ba marubucin da zai iya mayar musu da su idan suka lalace. Tambayar da Jesse Ventura ya yi a 1986, wato wa zai kula da ɗan kokawa ranar da jikinsa ya gaza, har yanzu tana jiran amsa.