Gero da Rigakafin Cututtuka Masu Daɗewa a Jiki



Duk wanda ya bi ta Fagge ko Sabon Gari da hantsi zai ga abin da 'yan kasuwa da ma'aikata suke karya kumallo da shi: burodi, da shayi mai sukari, da taliya, da lemon kwalba. Wannan ɗabi'a ta kafu ne tun daga shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya buɗe ƙofar shigo da alkama da farar shinkafa. Kafin nan kuwa gero da dawa su ne cimar Bakano.

Farin gari da sukari suna saurin narkewa, sai sukarin jini ya yi sama farat ɗaya. Idan aka daɗe a haka, ga yawan zama a rumfa ko ofis, sai ƙiba ta samu, ita kuwa tana share fagen ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Gero da maiwa da dauro ba haka suke ba muddin ba a raba su da dusarsu ba. Dusar tana jinkirta narkewar abinci, tana sa ƙoshi ya daɗe, kuma a cikinta da ƙwayar idon hatsin ne sinadarin ƙarfe da sauran ma'adinai suka fi taruwa. Saboda irin wannan amfani, da kuma jurewar fari, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 ta zama Shekarar Gero.

Amma fa sunan gero kaɗai ba ya kare kowa, sarrafawa ita ce magana. Idan aka surfe shi tas, aka niƙa luƙui, aka tace, aka dama kunu, sa'an nan aka zuba sukari, to, an zubar da mafi yawan alherinsa. Haka nan furar da aka cika wa sukari. Abin da ya fi shi ne sassauta surfe, da fifita tsaki, kamar dambu da burabusko, tare da wake, zogale, rama ko miyar kuka. A kuma rage gishiri da ɗunƙulen ɗanɗano, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini.

Wanda ciwo ya riga ya kama, kada ya bar maganin likita don ya koma ga gero. Abinci mataimaki ne. Ga mai lafiya kuwa, hatsin nan yana jibge a Dawanau da kasuwar Sabon Gari, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.