Wa Ke Karɓar Ragama Idan Na'urar Rumbun Bayanai Ta Tsaya?

Albashin ma'aikaci, da sakamakon jarrabawar ɗalibi, da ajiyar banki, a yau duk suna zaune ne cikin rumbun bayanai, wanda wata babbar kwamfuta ke riƙe da shi dare da rana. To, na'ura kuwa komai ingancinta wata rana za ta tsaya, ko don ɗaukewar wuta, ko don lalacewar faifan ajiya. Saboda haka ne masana suka tanadi hanyoyin da wata na'urar za ta karɓi aiki nan take, kuma manya daga cikinsu biyu ne.

Ta farko ita ce tsarin gungu. A yadda aka fi yin sa, ana haɗa na'urori biyu a kan ma'ajiya guda, ɗaya na aiki, ɗaya na jira, suna aika wa juna ɗan saƙo a kai a kai wanda ake kira bugun zuciya. Da zarar bugun ya ɗauke, sai mai jiran ta hau kujerar. Littafin dai guda ne, magatakarda kawai aka sauya. Amma fa idan ma'ajiyar kanta ta ƙone, duka biyun sun zama 'yan kallo.

Ta biyu ita ce tsarin kwafi, inda kowace na'ura ke da nata littafin, har ma ana iya ajiye ta biyun a wani gari mai nisa. A nan akwai zaɓi mai wuya. Idan aka ce sai ta biyun ta tabbatar ta rubuta kafin a sallami mai hulɗa, babu abin da zai ɓace, sai dai aiki zai yi nawa gwargwadon nisan hanya. Idan kuwa aka bar kwafin ya biyo baya, aiki zai yi sauri, amma ranar da ta farkon ta faɗi, abin da bai riga ya isa ba zai iya salwanta. Manhajar PostgreSQL ta samar da wannan salo na biyu cikin 2010, na farkon kuma cikin 2011.

Sayen na'ura ta biyu shi ne mai sauƙi. Abin da ke ba injiniyoyi ciwon kai shi ne wanda zai yanke hukunci cewa ta farkon ta mutu, domin shiru ba mutuwa ba ne. Wataƙila waya ce ta katse alhali tana nan tana aiki. In aka yi gaggawar naɗa magajiya, sai a wayi gari da sarki biyu a gari ɗaya, kowanne na rubuta nasa. Don haka ake sa na'urori uku ko biyar su kaɗa ƙuri'a, a bi masu rinjaye.

Ko ƙuri'ar ma ba ta hana ɓacin rana ba a kamfanin GitHub na Amurka. A ran 21 ga Oktoba, 2018, wajen sauya wani kayan sadarwa, hanyar babbar cibiyarsu ta gabashin ƙasar ta yanke na daƙiƙa 43 kacal. Cikin wannan ɗan lokaci manhajar Orchestrator, mai kula da rumbunansu na MySQL, ta miƙa ragama ga cibiyar yamma, kamar yadda aka tsara mata. Ashe akwai 'yan rubuce-rubucen da suka shiga gabas ba su kai ga isa yamma ba, ga shi kuma yamma ta shiga karɓar sababbi har na kusan minti 40. Littafi ya rabu biyu ke nan, kuma komawa gabas kai tsaye na nufin zubar da aikin jama'a.

Kamfanin ya zaɓi tsare bayanan a kan saurin dawowa, aka shiga maido da rumbunan daga tsofaffin ajiya, aikin da ya sa masu hulɗa suka sha fama na awa 24 da minti 11. Bayan ƙura ta lafa, sai injiniyoyin suka gyara tsarin Orchestrator, suka hana ta miƙa ragama daga wannan yanki zuwa wancan da kanta.