Wasan Ƙwallon Lambu da Masu Yin Sa Don Sha'awa

Ƙwallon lambu shi ne sunan da kafofin watsa labarai na Hausa suka raɗa wa wasan da Turawa ke kira golf. An gina sunan ne a kan tsarin da ya samar da ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da ƙwallon dawaki, wato a kawo kalmar ƙwallo, sannan a jingina ta da wani abu da ya keɓanta da wasan. A nan wurin wasan aka duba, domin makeken fili ne mai ciyawa da bishiyoyi da 'yan tafkuna, mai kama da lambu. Sai dai sunan bai kori kalmar aro ba, don kuwa mai kwatance a Kano ko Kaduna "filin golf" yakan ce.

Masu yin wasan kashi biyu ne. Akwai ƙwararru waɗanda wasan shi ne sana'arsu, da shi suke ci, da shi suke sha. Akwai kuma 'yan sha'awa, waɗanda ke da wasu ayyukan na dabam, kuma su ne mafiya yawa nesa ba kusa ba. Dokokin da aka sabunta a 2022 sun hana ɗan sha'awa karɓar kyautar gasa da darajarta ta wuce dala 1,000. Ke nan ba kuɗi ke kai shi filin ba, hasali ma shi ke kashewa. To, me ke sa mutum ya kwashe kimanin awa huɗu yana tafiyar kilomita shida ko fiye a bayan 'yar ƙwallon da ba ta kai ƙwan kaza girma ba, ya dawo gida a gajiye, mako na zagayowa ya sake komawa? Amsar tana cikin yadda aka tsara wasan kansa.

Yadda wasan yake

A ƙasar Sikotilan wasan ya ginu. Tun a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta shi, saboda yana ɗauke hankalin mazaje daga koyon harbin baka, wanda tsaron ƙasa ya dogara a kai. Wannan haramci kansa shaida ne cewa jarabar wasan ba yau ta fara ba. An rubuta dokokinsa na farko, guda 13, a 1744 a garin Leith. A 1764 kuma aka rage ramukan tsohon filin St Andrews daga 22 zuwa 18, adadin da daga baya ya zama abin koyi a duniya.

Manufar wasan ba ta da wuyar faɗi. Mai wasa zai buga ƙwallo da sanda daga wurin farawa, ya bi ta duk inda ta faɗi ya sake bugawa, har sai ya jefa ta cikin wani ɗan rami mai faɗin milimita 108. Haka zai yi a ramuka 18, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Ba a yarda ya ɗauki sanduna fiye da 14 ba, kowace da aikinta: wata ta cilla ƙwallo nesa, wata ta ɗaga ta sama, wata ta fid da ita daga kwarin yashi, wata kuma ta gangara ta a hankali a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami. Kowane rami yana da mizani, wato adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ya jefa, galibi 3 ko 4 ko 5 gwargwadon nisa. Idan aka haɗa mizanin ramukan duka, yawanci yakan tashi 70 zuwa 72.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ke tare mai wasa. A kokawa ko dambe ko ƙwallon ƙafa, abokin karawa yana hana mutum yin abin da ya yi niyya. A nan kuwa ƙwallon a tsaye take, tana jira, kowa da tasa, kuma sauran 'yan wasa sukan yi tsit har a gama bugu. Idan ta kauce ta faɗa ruwa, ba a da wanda za a ɗora wa laifi. Saboda haka ainihin abokan karawar mai wasa su ne filin, da iska, da kuma zuciyarsa. Shi kansa lilon sanda bai kai daƙiƙa biyu ba. Wanda ya yi bugu 90 a zagaye guda bai yi minti uku cikakku yana bugu ba a cikin awa huɗun nan. Sauran lokacin tafiya ce da hira da shan iska da shawarar zuci a kan bugu na gaba. Wannan ne ya sa wasu ke ganin wasan ba shi da armashi, kuma shi ne dai abin da masu yin sa ke so a cikinsa.

Tsarin rangwame

Babu abin da ya riƙe 'yan sha'awa kamar tsarin rangwame. Akan duba sakamakon wasannin mutum na baya a ba shi wata lamba da ke nuna ƙarfinsa. A tsarin bai-ɗaya da aka fara amfani da shi a duniya a 2020, ana ɗaukar wasanni 8 mafiya kyau daga cikin 20 na ƙarshe a fitar da matsakaici, tare da la'akari da wahalar filin da aka yi wasan. Lambar tana iya kaiwa 54 ga sabon shiga, tana sauka yayin da hannu ke faɗawa.

Alal misali, a ɗauka mutum biyu sun fita, ɗaya rangwamensa 5, ɗayan 20. Na farko ya gama da bugu 79, na biyu da 92. A ido, na farko ya yi wa na biyu fintinkau. Amma idan aka cire rangwame, na farko yana da 74, na biyu 72, don haka na biyu ne ya ci, domin shi ne ya fi yin abin da ya zarce ƙarfinsa na yau da kullum. Da wannan dabara tsoho ɗan saba'in yake karawa da jikansa, mace ta kara da namiji, mai gida ya kara da yaronsa, kowa kuma yana da tsammanin ci har zuwa ramin ƙarshe. Ba a samun irin wannan a tsere ko kokawa, inda rauni ba ya da magani sai janyewa.

Tsarin yana da ɓaraka guda, ita ce ya dogara ga gaskiyar mai wasa. Akwai masu ɓoye wasanninsu masu kyau don lambarsu ta yi sama, su zo gasa su kwashe kyauta. Akwai kuma masu ɓoye munana don a ce gwanaye ne, waɗanda kansu kawai suke cuta.

Amana

A mafi yawan wasannin 'yan sha'awa babu alƙali. Mutum shi ke ƙirga bugunsa, shi ke hukunta kansa ko da ba wanda ya gani. Labarin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Bobby Jones, wani lauya Ba'amurke da bai taɓa mai da wasan sana'a ba a tsawon shekarun gasarsa. A gasar US Open ta 1925 ƙwallonsa ta ɗan motsa a cikin ciyawa yayin da yake shirin bugu. Jami'ai ba su gani ba, amma ya dage sai an ƙara masa bugu guda na tara. Ƙarshenta ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa, ya sha kaye. Shi ne kuma a 1930 ya cinye manyan gasa huɗu na wancan zamani a shekara guda, biyu a Birtaniya biyu a Amurka, ya ajiye gasa yana da shekara 28. Ɗan sha'awa da ya rubuta 7 a katinsa alhali zai iya rubuta 6 ba tare da kowa ya sani ba, yana jin cewa shi ma yana cikin wannan zuri'a. Wani ɓangare na daɗin wasan ke nan, ko da yake ba a cika faɗarsa ba.

Kallo

Wanda bai taɓa riƙe sanda ba yakan yi mamakin masu zama gaban talabijin yini guda suna kallon mutane na tafiya a kan ciyawa. Shi kuwa ɗan sha'awa kallon ɗalibi yake yi. Ya san nauyin abin da yake gani, domin jiya-jiya ya gwada irin bugun nan ya kasa. Yana lura da tsayuwar gwani, da riƙon sanda, da sandar da ya zaɓa idan iska na kaɗawa, da inda ya gwammace ya kauce wa haɗari maimakon nuna bajinta. Manyan gasa na maza guda huɗu ne: ta Birtaniya da aka fara a 1860, da US Open a 1895, da PGA a 1916, da Masters a 1934. Kwana huɗu ake yi ana zagaya ramuka 72, bayan kwana biyu a sallami waɗanda aka bari a baya.

Akwai kuma wani sanyin rai da mai kallo ke samu idan ya ga gwanin duniya ya jefa ƙwallo cikin tafki, ko ya kuskure rami daga nisan taku guda. Wasan ba ya jin kunyar kowa. Tiger Woods, wanda ya ci Masters a 1997 da tazarar bugu 12 yana ɗan shekara 21, sai da ya yi shekara goma sha ɗaya bai ci babbar gasa ba, daga 2008 zuwa 2019, lokacin da ya sake ɗaukar Masters bayan an yi masa aiki a baya sau da dama. Bugu da ƙari, tazarar da ke tsakanin mai kallo da gwani ba ta toshe ba ɗungum. Mai son ƙwallon ƙafa ba zai taka leda a Wembley ba, amma tsohon filin St Andrews a buɗe yake ga jama'a, ɗan sha'awa mai takardar rangwame yana iya neman gurbi ya buga a inda zakaru suka buga. Tun a 1913 Francis Ouimet, saurayi ɗan shekara 20 da ya taso yana ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna, ya shiga US Open a matsayin ɗan sha'awa ya kayar da Harry Vardon da Ted Ray, manyan gwanayen Birtaniya.

Neman ƙwarewa

Ci gaba a wannan wasa abu ne mai ƙirguwa, shi ya sa yake da jaraba. Sabon shiga burinsa ya gama zagaye da bugu ƙasa da 100. Ran da ya samu, sai ya hango 90, daga nan 80, wadda da yawa ke tsufa ba su kai ba. Kowane mataki ya fi na baya wuya, kuma ba a hawa a miƙe. Mutum yakan yi wasa mai kyau yau ya ɗauka ya gano sirrin, gobe hannun ya ƙi. Akan ga wanda ya yi bugu ɗari marasa kyau amma bugu guda da ya fita sumul, ƙwallon ta tashi ta sauka dab da tuta, shi zai riƙa ba da labari, shi ne kuma zai mai da shi filin.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne ɓata lokaci wajen neman nisa. Cilla ƙwallo nesa yana da daɗi, yana kuma jawo tafi. Amma mizanin kowane rami ya ƙunshi bugun gangarawa biyu a kusa da rami, wato 36 daga cikin 72, rabi cif. Mai koyon da ya rage bugu uku-uku a bakin rami zuwa biyu-biyu, ya kuma daina jefa ƙwallo cikin ruwa da duhuwa, zai ga lambarsa ta sauka ba tare da ya ƙara ko taku guda na nisa ba. Shi wannan atisaye ba ya buƙatar ƙarfi, ana ma iya yin sa a kan darduma a tsakar ɗaki, sai dai ba ya burge kowa, don haka kaɗan ke jure masa.

A ƙasar nan Turawan mulki da na haƙar kuza ne suka shigo da wasan. Filin Rayfield da ke Jos ya samo asali tun 1913, na Kaduna kuma 1921. Saboda ƙarancin ruwa, an daɗe a filayen Arewa da dama ana amfani da yashi da aka cuɗa da baƙin mai a kewayen rami maimakon ciyawa, a share shi ya yi santsi kafin a gangara ƙwallo. Da rani ƙasa takan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta yi ta tsalle tana wuce inda aka nufa, abin da ke tilasta wa mai wasa koyon wata dabarar da littattafan Turai ba su tanada ba. Zargin da ake yi wa wasan cewa na masu hannu da shuni ne yana da ƙamshin gaskiya, ganin tsadar sanduna da kuɗin shiga kulob da faɗin ƙasar da fili guda ke ci a tsakiyar birni. Duk da haka akwai wata ƙofa ta baya da ta daɗe a buɗe. Yaran unguwa masu ɗaukar jaka suna yini suna kallon riƙo da tsayuwa da lilon sanda, su sami tsohuwar sanda guda su yi ta gwaji a gefen fili idan manya sun tashi. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya ta nan suka fito, kuma ba abin mamaki ba ne a ga babban ma'aikaci ya tsaya a bakin rami yana neman shawarar yaron da ke ɗauke da jakarsa a kan inda ƙasa ta karkata.